Gyaran Taliya

A garin nan akwai mutanen da har yau ba sa cin abin da ya fito daga tukunyata, kuma sun san na sani. In ana suna ko biki na kai kular abinci, sai a karɓa da fara'a, a ajiye ta can ƙarshen tebur, a dawo mini da ita da nauyinta. Wasunsu ni na yi musu zaman jego. Ban yafe ba, kuma ba don in yafe na zauna rubutun nan ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ku 'ya'yana a bakin wasu kuka fara jin labarin, da Turanci ma, wai uwarku ta taɓa ciyar da masu azumi naman alade. Ummi, ke ce kika dawo gida kina kuka kika ƙi faɗin dalili. To ga yadda aka yi, daga bakin wadda ta ɗora tukunyar.

Lokacin da babanku ya ɗauko mu daga Malumfashi zuwa Greensboro, ko sunana ban iya rubutawa da boko ba. Makarantar manya da kuka tashi kuna ganina ina zuwa da jaka a kafaɗa, sai da furfura ta fara fito mini na shiga. Shi kuwa yana karatun digirinsa na uku a kan noma, ya fita da safe sai yamma. A wancan zamanin babban kanti shi ne abin tsorona. Komai a rufe yake, a gwangwani ko a kwali, da rubutu a jiki. A kasuwar garinmu abu zan taɓa, in shinshina, in ɗanɗana, in yi ciniki. A nan sai in tsaya riƙe da gwangwani ina juya shi, ban san ko wake ne ko abincin kare ba. Don haka babanku ke cefane. Nama kuwa sai sun haɗu da 'yan'uwa sun je wata gona wajen Pleasant Garden sun yanka da hannunsu. Ni tawa dafawa ce kawai. Fasfo ɗina ma a jakarsa yake, bizata a jingine da tasa.

Wata rana ya kai ni asibiti da Auta, muka dawo a bas ta cikin gari. Kusa da tasha na hango wani ɗan shago, ta gilashinsa taliya a shanye a kan sanduna. Sai da na miƙe tsaye a cikin bas. Haka Inna take shanya tata a igiyar tsakar gida, mu kuma muna korar kaji. Na riƙe hanyar a kaina: a sauka a tasha, a wuce ginin kotu, a karya kwana wajen mai gyaran takalma. Da na samu kuɗin bas na goya Auta na tafi ni kaɗai.

Shagon wasu 'yan Italiya ne, uwa da ɗanta da matar ɗan. Tsohuwar kowa Nona yake ce mata, gajera, hannunta kullum fari fat da fulawa. Ɗan, wani ƙato mai gashin baki, shi ke tsaye wajen injin yanka nama. Bangon hagu ƙafafun alade ne a rataye, busassu, ƙarƙashinsu kwalaben giya. Tun ranar farko na gane su, kuma tun ranar na koya wa wuyana shiga a karkace, fuskata na kallon dama. A dama akwai cuku manya kamar turmi, da man zaitun, da tumatirin gwangwani, sai teburin Nona. A kan teburin, injin murza taliya, irin na Inna sak, har da hannun da yake zarewa in an yi gaggawa. Nona ma Turancin nata bai fi nawa da yawa ba. In nuna da yatsa, ta ɗaga, in girgiza kai ko in gyaɗa, ta naɗe a takarda. A duk faɗin Amurka nan ne kaɗai nake sayen abu da idona.

Babanku ya san inda nake samo ta, amma bai taɓa shiga ba. In baƙi sun ci taliya da mai da yaji suna santi, sai ya gyara zama ya ce ai Binta ta san lungunan garin nan fiye da shi.

A shekarar da nake ba ku labari, azumi ya faɗo a ƙarshen sanyi. Hausawan garin ba mu da yawa, duk Asabar gida ɗaya ke yin buɗa-baki a taru. Asabar ta ƙarshe ta faɗo kanmu. Na je wajen Nona na yi ta nuna sanda bayan sanda har ta riƙe haɓa tana dariya. Da ta gama naɗewa sai ta juya ta ɗebo wasu ƙananan abubuwa daga faranti, cike da hannu biyu, an lanƙwashe su kamar zobe, ta zuba mini a kai. Na buɗe jaka, ta ture hannuna.

Gyara ta yi mini. Ku da kuka tashi a nan ba ku san gyara ba. A wajenmu in ka sayi abu da yawa, mai kaya zai ƙara maka kaɗan a kai, kuma daga abin da ka saya ake yin sa. Mai gero da gero take gyara, mai tumatir da tumatir. Ba a tambayar gyara, ba a duba shi, ba a mayar da shi. Tun da na sauka ƙasar nan ba wanda ya taɓa ƙara mini ko ƙwayar gishiri, har sai ranar. Na ɗauka ragowar ƙullin taliyar ce ta naɗe don kwalliya. Ina tafe a titi ina murmushi ni kaɗai. Da na zo dafawa na juye su duka a tukunya ɗaya.

Maza suna falo, mata muna ɗakin girki da yara. An sha ruwa, an yi magariba, aka shiga da faranti. Ina jin ƙarar cokula da hira, sai na ji komai ya tsaya. Muryar Alhaji Bala ce ta fara fitowa. Shi ne babbanmu a garin, ya daɗe a nan, yana da gidansa a McLeansville, shi ya tarbi babanku a filin jirgi, shi ya tsaya masa har ya samu ɗakin haya.

"Malam Sani, naman mene ne a cikin wannan?"

Na leƙa. Ya tsaga zoben da cokali, ga wani abu baƙi-baƙi a ciki kamar niƙaƙƙen nama. Ban san akwai komai a ciki ba. Babanku bai ko waiwayo ya tambaye ni ba.

"Naman shanu ne, Alhaji."

"Wa ya yanka?"

"Ai... na wajenmu ne."

Alhaji ya ajiye cokali. Ya ce zuwansa ƙasar nan wanke-wanke ya fara yi a gidan abincin 'yan Italiya, ya san abin nan kamar yadda ya san tafin hannunsa, kuma da alade ake cusa shi. Ya tashi ya shiga banɗaki, muna jin yana kurkure baki. Wani ɗalibi ya fita waje da sauri ya sa yatsa a maƙogwaro. Matar Alhaji, Hajiya Rabi, ta fizge farantin da ke gaban jikanta. Ba wanda ya zage ni. Sun yi isha'i a gurguje, suka ɗebi takalmansu. Ina kwashe kwanuka na tsinci zobe ɗaya da bai fashe ba, na ƙulle a leda na tura can ƙuryar firij, ban ma san me zan yi da shi ba.

Dukansu masu ilimi ne, sun san wanda ya ci abu bisa rashin sani ba shi da zunubi. Amma ba hukuncin mai ci suke nema ba, na mai dafawa suke nema. Washegari waya ta yi ta ƙara, babanku ya ja igiyarta ya shige ɗaki ya rufe ƙofa. Da ya fito bai zauna ba.

"Na yi magana da Alhaji. Bayan Sallah za ki koma gida, ki zauna wajen Inna har in gama."

"Da yaran?"

"Yara suna makaranta. Hajiya za ta riƙe su. Auta ma an yaye ta."

"Malam, ka je shagon ka tambaya mana. Kai kana jin Turanci."

"Ba inda za ni. Ke ma kada ki sake ki taka ƙofar gidan nan ki fita. Alhaji ya ce macen da ba ta karatu, yau alade ne, gobe guba za ta ba yara, hukuma ta zo ta kwashe su gaba ɗaya. Shi zai ba da kuɗin tikiti."

Na daɗe kafin in gane dalilin da ya sa ya ƙi zuwa. Ya riga ya ce naman shanu ne a gaban mutane. In ya tambaya aka ce alade ne, ya zama maƙaryacin da ya rufe haram. In bai tambaya ba, magana tana nan a tsakiya, ni kuma in an ɗauke ni daga idon mutane sai a manta. Babanku ba mugu ba ne, Allah ya jiƙansa. Tsoron bakin mutane ne da shi, fiye da tsoron komai.

Kwanakin nan ban san yadda na yi su ba. In ina yi wa Ummi kitso sai in tsaya da mataji a hannu, ina tunanin wa zai tsefe wannan. Abba, kai ka tambaye ni da Turanci me ya sa nake kallonka, na gane tambayar daga fuskarka. Na san matan da aka ce su je gida "har a gama". Karatu ya ƙare, aiki ya fara, takarda ba ta fito ba, yara suka girma suna gaishe da uwarsu ta waya da harshen da ba ta ji. Kuma ƙarƙashin wannan tsoron akwai wani: in da gaske alade ne fa? Na buɗe baki da shi, na ba ku. In na tuna sai in wanke tukunyar nan in sake wankewa. Hajiya Rabi ta kira ni sau ɗaya.

"Binta, ranar Idi ki huta abinki, kada ki wahalar da kanki da girki. Abinci zai yi yawa."

Na ce na gode, Hajiya.

Ranar jajibere babanku ya tafi makaranta, ku ma kuka tafi. Na tsaya a bakin ƙofar da aka hana ni takawa har Auta ta fara ƙorafi a bayana. Tun da aka kawo ni gidansa ban taɓa tsallake maganarsa ba. Na ciro ledar daga firij na fita. A bas duk motar da ta wuce sai in ga kamar ta Alhaji ce.

Na shiga shagon, wannan karon fuskata a miƙe. Nona ba ta kan teburinta. Ɗan ne kaɗai, yana yanka wa wata Baturiya nama a injinsa. Na jira ta fita. Na kwance ledar na ajiye zoben a gabansa, ya yi laushi ya yi baƙi. Na nuna shi, na juya na nuna ƙafar aladen da ke rataye. Ya yi magana, ban gane ba. Na sake nunawa. Ya ɗauka ko ƙorafi na kawo, ko cewa nake kayansu sun lalace, sai ya fara ɗaga murya yana wurga hannuwa, wuƙa tana hannunsa bai ma lura ba. Auta ta tsala kuka. Na ga ya miƙa hannu wajen wayar da ke bango. Na ce shi ke nan, 'yan sanda zai kira, ga ni ba fasfo, ba baki, an hana ni fita na fita, yau za a kwance yarinyar nan daga bayana. Na so in gudu, amma na tsaya. Na dafe teburin da hannu biyu na ce da Hausa, da ƙarfi:

"Ka gaya mini abin da ke ciki kawai."

Sai labulen baya ya motsa, Nona ta fito. Ashe matarsa yake shirin kira daga bene don ta zo ta ji da ni. Tsohuwar ta dubi zoben, ta dubi yatsana da har yanzu yake nuna bango, ta dubi mayafina. Ta faɗa wa ɗanta wata magana gajera da harshensu, ƙaton nan ya ajiye wuƙa ya koma gefe kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya. Ta kama wuyan hannuna, fulawa ta shafe ni, ta ja ni bayan labule.

Ɗakin girkinsu ne, ƙarami, da zafi. Ta zaunar da ni a kan buhun fulawa. Ta jawo kwando ta buɗe. Laimar kwaɗi ce, irin wadda muke shurewa da ƙafa a gindin bishiya da damina. Ta yayyanka ta ƙanana a gabana, ta zuba a kasko da man shanu da tafarnuwa, tana juyawa tana kallona. Ina gani abin ya tsotse, ya yi duhu, ya koma kamar niƙaƙƙen nama. Ta haɗa da farin cuku. Sannan ta tsaga nawa zoben biyu, ta ajiye kusa da na kaskon, ta kai su hancina ɗaya bayan ɗaya. Ƙanshi ɗaya ne, na ƙasa in an yi ruwan farko. Matar ɗan ta sauko, ta durƙusa a gabana ta faɗi kalma biyu a hankali, cikin 'yan kalmomin da na sani: babu nama.

Nona ta ɗebo a cokali ta miƙo mini. Na rufe bakina da hannu, na nuna sama wajen rana. Sai ta bugi ƙirjinta, ta nuna bangon naman ta bayan labule, ta kaɗa yatsa. Sai bayan shekaru, da na iya Turanci, matar ɗan ta bayyana mini cewa su ma a lokacin azuminsu suke, tsohuwar ba ta cin nama, ba ta cusa shi a komai sai an wuce bikinsu na Ista. Ta ce kuma tun zuwana na farko Nona ta lura da yadda nake karkatar da wuya. A ranar dai ban san wannan ba. Na kifa kaina a gwiwa na yi kukan da na riƙe tun Asabar, ita kuma ta kwance Auta ta ɗora a cinya ta ba ta guntun ƙulli tana wasa. Da na share fuska ta murza fallen taliya a inji, ta nuna mini yadda ake naɗewa a ɗan yatsa. Muka cika faranti tare. Ta sa mini a kwali, da laimar kwaɗi ɗanya a gefe, da rabin tsohon zoben.

Na riga babanku isowa gida. Da ya shigo na jera komai a kan tebur na gaya masa. Na ga kafaɗarsa ta sauka, ya ce alhamdu lillahi har sau nawa. Na ɗauka an gama. Sai ya ɗauki laimar kwaɗin yana juyawa.

"Wa ya ba ki izinin fita?"

"Ba kowa."

"To yanzu in je in ce wa Alhaji me? In ce naman shanun da na faɗa ƙarya ne, laimar kwaɗi muka ba su?"

"Ka ce ba alade ba ne."

"Binta, ki bar maganar nan ta mutu. Mu mun sani, Allah ya sani. Ki je gida ɗan lokaci, in ƙura ta lafa sai in aiko miki."

"In na tafi ai na amsa laifin ke nan."

"Na gama magana. Ki zubar da wannan kafin yara su gani."

Aka kira magariba a rediyon kaset ɗinsa, muka sha ruwa ba mai kallon wani. Waya ta yi ƙara, aka ce an ga wata.

Abin da ya biyo baya kun san wani, ba ku san wani ba. Kun san ban hau jirgin ba. Ba ku san babanku ya daɗe ba ya cin abincina ba, yana sayen burodi a hanya, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa buɗe baki a gaban mutane ya ce matata ta yi gaskiya ba. Alhaji bai sake taka gidanmu ba, kuma an daɗe ana yi wa babanku dariya a bayan ido. Ni na jawo masa wannan, ina sane, kuma da za a mayar da ni ranar, haka zan sake yi.

Da asubar ranar Sallah na tafasa ruwa na dafa zoben da muka naɗe, na zuba a kula. Na yi muku wanka na sa muku kayan Sallah. Babanku ya fito da babbar riga ya ga kular a hannuna.

"Ina za ki da wannan?"

"Idi."

Na shiga mota na ɗora ta a cinya na rungume. Ya daɗe tsaye riƙe da makulli, sannan ya shigo ya tayar. Muka isa zauren da aka kama haya. Aka yi salla, aka yi huɗuba, aka jera kuloli a dogon tebur, maza a wancan kai, mata a wannan. Hajiya Rabi ta hango ni ta taso da sauri tana cewa, "Binta, ai na ce ki huta." Na ratsa ta gefenta. Na je tsakiyar teburin, daidai inda na maza ya fara, na buɗe kular. Na ajiye laimar kwaɗin ɗanya, na ajiye rabin tsohon zoben, na tsaga sabo a kusa da shi.

"Alhaji, barka da Sallah. Ga naman da ka tambaya. Ba na shanu ba ne, ba na alade ba ne. Jiya na je na gani da idona, waɗannan kuma da hannuna na naɗe su."

Ban dubi inda babanku yake ba. Na yi bisimilla da ƙarfi yadda na ƙarshen sahu zai ji, na kai ɗaya bakina na tauna a hankali. Sannan na ce Ummi da Abba su matso, na sauko da Auta daga bayana, na ba kowannenku da hannuna.